Gatarin da Aka Bari a Maƙerata

Tun kafin Nasara su iso Damagaram nake ƙira a Matameye, kuma a lokacin ba abin da nake taƙama da shi kamar sanin aikin hannuna. Ko cikin gatura ɗari ka jefa nawa, zan zaro shi in faɗa maka wanda na ƙera wa. Wannan taƙamar ce ta kashe aminina.

Wata kaka, bayan an cire amfanin gona, aka tsinci gawar wani falke a gonar gero kan hanyar Tsauni, an sare shi a ƙeya. Mutanen gari suka yi masa sutura kafin azahar, don ba a barin Musulmi a rana. Sai bayan kwana biyu dogarai uku suka iso daga fada bincike. Babbansu, wani dattijo siriri, an ce gwanin bin sawu ne, amma ya tarar an riga an saki dabbobi cikin gonaki, shanu sun tattake ko'ina. Abin da ya samu cikin karan gero shi ne ruwan gatari babu ƙota, jini ya bushe a kansa.

Da hantsi ya shigo maƙerata, ya zauna, ya yi ta yabon wutata. Sannan ya ajiye ƙarfen a gabana.

"Na kai wa maƙerin Kurni," in ji shi. "Ya ce duk maƙerin da ya ce yana gane ƙirarsa bayan ta sha aiki, cika baki yake yi."

Ni kuwa wawa, ko juya shi ban yi ba na ce nawa ne, shekara huɗu da suka wuce na ƙera wa maƙwabcina manomi. Sai da maganar ta fita na gane tarko ya ɗana mini. Maƙwabcin nan shi ne aminin nawa, tare aka yi mana kaciya, akushi ɗaya muke ci.

Aka zo da shi, ƙasar gona a ƙafafunsa. Ya dubi gatarin, ko gezau bai yi ba.

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Amma tun farkon damina na kawo shi nan a koɗa mini. Ga maƙeri nan, a tambaye shi."

Gaskiya ya faɗa. A garinmu in ka kawo gyara, sai ka cire ƙota ka soke ta a jinkar maƙera, ka jefa ruwan cikin tarin ƙarafan da ke jiran wuta. Wanda aiki ya matsa masa ya ɗauki wani daga tarin ya sa a ƙotarsa, ya maido in ya gama. Maƙera ba ta da ƙofa, ba a kuma tambayata, don ba mai satar maƙeri. Gatarin ya daɗe ba ya cikin tarin, ban san hannun da ya ɗauka ba. Shi ya sa ma ya fice daga ƙotar mai kisan, don ba tasa ba ce.

Dattijon ya juyo gare ni a hankali. "To, maƙeri, in a wurinka yake, kai za ka faɗa mana wanda ka ba. In ba ka sani ba, da kai za mu tafi."

Ƙotar aminina na soke a jinka, kamu biyu daga rawanin dogarin. Ina ganinta, da zoben nan uku da na ƙona mata da kaina. Na tuna 'ya'yana, na dubi igiyar da ke hannun ƙaramin dogari, na ce, "Ban tuna ya kawo ba."

Aminina bai yi mini gardama ba, bai ma ɗaga kai ya dubi jinkar ba. Ya san tana nan. Dubana kawai ya yi, sannan ya miƙa hannuwansa aka ɗaure. Suka bi hanyar birni da shi, ni kuma kafin la'asar na jefa ƙotar cikin wuta na hura zugazugi. Bai dawo ba. Wasu sun ce an kashe shi, wasu sun ce an sayar da shi arewa, wanda ya kashe falken kuwa ƙila har yau ina gyara masa fartanya.

Na yi istigfari har bakina ya gaji, ban ji sauƙi ba, kuma ban sa ran zan ji ba. Tsoro ne ya sa ni, ba ni da wani uzuri.

Da damina ta kewayo, matar aminina ta zo da fartanyar mijinta, don yanzu ita ke noman gonar. Muka gaisa, ta tambayi iyali. Aiki ya yi mini yawa ranar, sai bakina ya faɗi abin da ya saba, na ce ta jefa cikin tari ta ɗauki wata, ta dawo jibi. Ta ɗaga kai ta dubi jinkar, ta daɗe tana dubawa, sannan ta shimfiɗa gefen zanenta ta zauna a ƙasa.

"Zan jira, maƙeri," in ji ta. "Mu ba ma barin kaya a nan."