Akuyar Marka Mai Ciki

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Gammo ta ƙasar Kabo ya san Marka matar Baƙo, ko bai san fuskarta ba ya san muryarta. Bahaushiya ce Kirista, kakanninta Maguzawa, kuma ita ke buga tulu a zumuntar matan cocinsu. Waƙa kam ba ta iya ba, amma wa ya isa ya faɗa mata? Kiwon awaki ne sana'arta. Duk wanda ya shiga gidanta sai ya ci tuwo, tana zuba masa miya tana yi masa tsiya.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano hankalin Kiristocin ƙauye bai kwanta ba. Ga jita-jita, ga tsadar taki, ga fastonsu ya tafi jinya. Ana cikin haka, da bazara, sai ga wani baƙo daga wajen Gwarzo da farar riga har ƙasa da 'yar ƙararrawa, wai shi Annabi Maikuɗi. Ya ce an nuna masa a wahayi Ubangiji zai dawo kafin ruwan shuka, don haka wanda ya ɓoye iri a rumbu bai ba da gaskiya ba. Kai, mutumin nan ya iya baki! Nan da nan mutane suka yi ta kai masa dammunan iri a matsayin baiko, wato sadakar coci, yana lodawa a amalanke, wai za a raba wa matalauta.

Baƙo, mijin Marka, mutumin kirki ne, sai dai zuciyarsa ba ta da ƙashi. Ya dawo daga wa'azi ido jawur, ya jingina tsani a rumbu ya fara hawa.

"Maigida, ina zuwa?" in ji Marka.

"Irin dawa zan sauko da shi. Duniya ta ƙare."

Ta san in irin nan ya tafi, ba su da abin sayen wani, bana sai dai su zuba wa gona ido. Ta riƙe tsanin gam. "Sauko, don Allah. Mu dai an koya mana ranar nan ko mala'iku ba su san ta ba, sai mai ƙararrawa? Ka ba ni zuwa Lahadi. In bai ba ka kunya ba, ni da kaina zan kai masa."

Ranar Lahadi bayan sujada ta jawo awaki biyu har ƙofar coci: taure mai ƙiba, da wata ramammiyar akuya. Ta durƙusa gaban Maikuɗi kamar mutuniyar arziki.

"Malam, baikona ne. Ɗaya zan iya bayarwa, ka zaɓa. Tauren nan in an yanka yau, kowa ya lashi romo."

Maikuɗi ya kalli tauren sau ɗaya. Sai ya naɗe hannun farar rigarsa, ya buɗe bakin akuyar ya duba haƙora, ya tsuguna ya lallatsa cikinta. Wallahi ko dillalin kasuwar Gwarzo sai haka.

"Wannan zan ɗauka, Inna. Ciki ne da ita."

"Ashe? Ni idona ya mutu. Yaushe za ta haihu?"

"Sai an gama noman farko," ya ce, yana murmushi. "Tagwaye ma, in ban yi kuskure ba."

Marka ta miƙe ta karkaɗe zaninta.

"To, Malam, wa zai yi noman farkon? Mala'iku?"

Wata tsohuwa ce ta fara fashewa da dariya, sai coci ya ɗauka. Maikuɗi ya kaɗa ƙararrawa ya ce shaiɗan ne ya shiga matar nan, amma ba mai saurare. Kafin la'asar ya bar garin, ya manta har da ƙararrawar, Marka ta rataya wa akuyar a wuya.

Sai dai abin da amalanke ta riga ta kwashe ya tafi. Da ruwan shuka ya sauka, rumbun Baƙo kaɗai ke da iri a unguwar. Mutane suka zo da ƙorai, kai a sunkuye. Marka ta yi ta auna musu tana faɗa: "Kai ba kai ne ka fi kowa ihun amin ba? Miƙo ƙwaryar!" Ta raba har nata bai kai rabin gonarta ba, ta koma ɗaki ta share hawaye, don ta san bana za su sha wuya.

Sun kuwa sha ta. Amma Baƙo ya bi bayanta a gona yana rufe rami da ƙafa, kuma akuyar ta haifi tagwaye bayan noman farko. Duk lokacin da aka tayar da zancen, Marka takan ce iyakar annabcin Maikuɗi da ya cika ke nan.