Takalmin Badamasi

Yaya Zainaba, yayata uwa ɗaya uba ɗaya, shekara ashirin da biyu ta yi tana aikin jinya a asibiti kafin ta ajiye. Abin da ya kore ta, in ji ta, mutanenmu ba sa zuwa sai ƙafa ta ƙi shiga takalmi, fuska ta yi suntum, ƙoda ta riga ta lalace. Sai ta kama shago a nan Haɗeja, ta ɗauki ma'aikata biyu, ta ce ita yanzu masu lafiya za ta riƙa dubawa. Har ni na yi mata dariya. Wa zai kira malamar asibiti alhali ya ci tuwonsa ya ƙoshi?

Amma abin ya karɓu. Gidan da ya yi rajista da ita, duk wata sai ta je da jakarta. Ta auna jini da suga, ta duba fitsari, ta leƙa randa, ta ƙwace ƙwayoyin ciwon jiki da ake haɗa wa manoma a kemis. In ta ga abin da bai yi mata ba, da kanta take raka mutum wurin likita. Daga Kaugama har Guri an san ta. Ba ta da wasa, kuma kafin ka gama sallama ta gama kallon idon sawunka.

Mutum ɗaya ne ba a taɓa buɗe jakar nan dominsa ba, Badamasi, ɗanta na fari. A gidanmu kunyar ɗan fari ba ƙarama ba ce. Tun da aka yaye shi Iya, mahaifiyarmu, ta ɗauke shi, ya tashi yana ce wa uwarsa Yaya kamar yadda muke cewa. Ita kuwa ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, “wancan” take cewa. Shekararsa talatin da ɗaya, yana noman shinkafa a fadamar Guri, yini yake da tankin feshi a baya.

Bara, damina ta kankama, ya zo gaishe ta. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, ta amsa tana kallon bango. Da ya fita sai ta ce da ni, “Mardiyya, kin ga wancan ya take bayan takalminsa? Ki ce masa ya je a duba shi.”

Na faɗa masa, amma sama-sama, yadda ake isar da saƙon da ba naka ba. Ya yi dariya ya ce, “Anti, ƙiba ce. Matata ta iya girki.” Na dawo na ce mata ya ce zai je. Ƙarya na yi don a zauna lafiya, kuma har yau abin yana ci mini rai. Ita ma ba ta sake tayar da maganar ba, don tambaya sau biyu a kan ɗan fari rashin ta ido ne.

Bayan wata biyu aka yi sunan 'yar ƙaninmu. A satin ruwa ya fara hawa a kogi, ana cewa hanyar fadama ta kusa yankewa. Wajen azahar Badamasi ya leƙo tsakar gida a gurguje. Zai koma su yanke shinkafa kafin ruwa ya ci ta, in kuwa hanya ta yanke yana can, sai bayan sati uku. Silifa ne a ƙafarsa, igiyar ta nutse cikin nama. Ƙasan idonsa a kumbure. A gabanmu ya kwance ƙullin ƙwayoyi, ya watsa a baki, ya kora da ruwan leda.

Yaya tana zaune tsakanin Iya da surukai, mata sun fi talatin. Ta dube ni. Na san saƙo za ta ba ni, ni kuwa na san abin da na yi da na farko, sai na sunkuyar da kai. Ya yi sallama ya fita. Muka ji ya buga babur, ya ƙi tashi. Ya sake bugawa, ya tashi.

“Badamasi.”

Muryar Yaya ce. Wata tsohuwa ta kama baki. Iya ta ce, “Zainaba, lafiyarki kuwa?” Yaya ta miƙe ba mayafi ba takalmi, ta ratsa zaure inda maza suke cin abinci.

“Badamasi, kashe babur ɗin nan. Miƙo hannunka.”

“Yaya, ruwa zai cinye mini gona.”

“Ya cinye.”

Da gudu na ɗauko jakar. Matar da ta ɗaura na'urar awon hawan jini a hannun dubban mutane, ranar sai da na riƙe mata. Ɗari da casa'in bisa ɗari da ashirin. Ta sake gwadawa a ɗaya hannun, bai sauka ba. Kafin la'asar mun kama hanyar Kano, shinkafar kuwa ruwa ya ci ta.

Da sakamakon gwaji ya fito, likita ya ce ƙodar ta taɓu sosai, amma ba a kai ga wankin ƙoda ba tukuna. Ya ce da ya ƙara sati uku yana shan ƙwayoyin nan, da wata maganar ake yi. Sannan ya tambaya yaushe aka fara ganin kumburin. Badamasi ya ce shi bai lura ba. Na buɗe baki zan faɗi laifina, Yaya ta riga ni.

“Wata biyu da kwana tara,” ta ce. “Ni na gani.”

Likitan ya ɗago daga rubutun da yake yi. “Hajiya, ke wace ce a wurinsa?”

Ta juya ta dubi Badamasi ido cikin ido, ta ce, “Ni na haife shi.”