Buzun Alhaji Babba

Kwana uku bayan Babbar Sallah, ina aji huɗu na firamare, na ɗauki reza na faɗa ɗakin kakanmu Alhaji Babba a gidanmu na Fadaman Mada. Danƙona ne ya lalace, ina neman 'yar fatar da ake ɗana dutse a ciki, ga kurciyoyi sun cika darbejiyar ƙofar gida suna yi mini dariya. A jikin ƙusa na hango wani tsohon buzu, gashinsa ya kaɗe har ya fi kan Alhaji sanƙo. Na yanki kamar rabin tafin hannuna daga tsakiya, don nan ya fi laushi.

Da azahar Alhaji ya shimfiɗa buzu zai yi salla, sai ga ƙasa tana leƙensa. Salatin da ya saki, na rantse har Kasuwar Muda Lawal an ji. Ni ko a jikina, don fatun layya sun cika unguwa har ƙudaje sun gaji da su. Na fito ina buga ƙirji na ce, "Tsoho, kwantar da hankalinka, gobe zan kawo maka sabo, mai gashi ma."

Ba wanda ya yi dariya. Bappa Sale, ƙanin babana mai koyar da ilmin dabbobi, ya ja ni gefe ya ce ba fatar rago ba ce. Ta wata 'yar barewar hamadar Larabawa ce, mahaifin Alhaji ya zo da ita daga hajjin da ya yi a ƙafa. Na ce to a ba alhazan baɗi sautu mana. Ya ce, "Su sayo a wurin wa? Maharba sun bi irin bareyin nan da motoci da bindigogi har suka ƙare. Masana sun nema sun gaji, sun sa su cikin dabbobin da babu su a duniya." Na ce ko guda ɗaya? Ya ce ko guda ɗaya. Bakina ya buɗe har tantabara za ta iya yin sheƙa a ciki. Ni da na ɗauka ruwan famfo da naman miya kaɗai ke ƙarewa!

Na jira bulala, ba ta zo ba. Alhaji ya kwance guntun daga danƙo, ya zauna ya ɗinke shi a jikin buzun da basilla. Wallahi da ya zane ni ya fi mini sauƙi.

Yanzu Alhaji ya rasu, buzun yana cikin akwatin babana, ba mai salla a kai. A aji idan malamin Hausa ya ce "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe," kowa ya duƙa rubutu, ni sai birona ya tsaya. Waccan barewar dai, ba uwar, ba ɗan.