Garin Ciyawar Teku a Kunun Baba

Ni ce nake raka Baba asibiti a Treichville, don faransancinsa na kasuwa ne, bai kai na likita ba. Saura kwana biyu a yi masa aiki a ciki, ga shi ya daɗe yana shan ƙwayar tsinka jini saboda zuciya.

Wata uku kenan yana zuba wani koren gari a kunu. Amininsa, wanda suka taso tare daga Nijar, shi ya kawo masa daga kasuwar Black Market, cikin leda ba rubutu. Wai ciyawar teku ce, tana ƙara garkuwar jiki. Ni kuwa kullum ina ganin jini a asuwakinsa.

A cikin woro-woro, tasin haya, tun kafin mu bar unguwarmu Williamsville, ya ja mini kunne: "Kada ki ambaci garin nan. Ba a kai ƙarar kyautar amini."

Likitar, mace ce mai tabarau, ta tambaya ko yana shan wani abu ban da ƙwayarsa. Na fassara. Baba ya ce babu. Ta ɗora biro kan takarda za ta sa hannu. A gidanmu 'ya ba ta ƙaryata uba gaban baƙo, ko da wasa. Amma wuƙa fa za a sa masa!

Na faɗa mata maganar garin, da faransanci, da sauri, kaina a sunkuye.

Ta ajiye biron. Ta ce a cikin wasu ciyayin teku akwai wani sukari mai doguwar sarƙa, ƙirarsa ta yi kama da maganin da suke hana jini daskarewa da shi. Ƙarfinsa ya danganta da irin ciyawar da tsawon sarƙar, kuma wa ya san abin da ke cikin leda ba suna? Ga ƙwaya, ga gari, jini na iya ƙin tsayawa wajen aiki. Ta ɗage aikin, ta tura mu gwajin jini.

Baba bai ce in fassara ba. Ashe ya ji komai.

Har muka haye gada bai dube ni ba. Sai da muka sauka Adjamé, cikin hayaniyar masu gbaka, ƙananan bas-bas na haya, ya ce, "Daga yau yayanki zai riƙa kawo ni."

An yi aikin bayan sati uku, jini ya tsaya lafiya lau. A waya na ji, ina gida ina dama masa kunu, ina kuka kamar wata sakarya.