Igiyar Korar Jan-baki

Shekarar da na shiga aji huɗu, wata Laraba da hantsi, aka fasa mini goshi a fadamar Ambursa. Lokacin shinkafa ta fitar da kai, ƙwayarta ba ta yi tauri ba, kuma shi ne lokacin da tsuntsayen jan-baki suka fi sonta. Babana ba shi da ɗa namiji, saboda haka ni ce mai gadi. Tun asuba nake hawa rumfar kara da ƙullin ɗumamen tuwo, in riƙe igiyar da aka zagaye gonar da ita, an rataya mata gwangwanaye masu tsakuwa a ciki. In na ja, gona ta ɗauki ƙara, tsuntsaye su tashi. Abincinmu na shekara kaf yana kan wannan igiya, kuma na san haka.

Sai dai tsuntsun da ka kora ba gida yake tafiya ba, gonar maƙwabci yake sauka. Maƙwabcinmu Malam Sanda ne, mai gadinsa ɗansa Nomau, wani siririn yaro mai bakin tsiya da majajjawa. In na kora su faɗa masa, in ya kora su dawo mini. Muka yi kwanaki muna zage-zage ta saman shinkafa, ni ma kuwa bakina ba ya da ƙofa. Ranar nan na ce masa mai ƙafar zalɓe. Ya ɗora curin busasshiyar laka, ya kaɗa, ya saki. Ban ji zafi ba da farko, sai jini ya rufe mini ido, na rikito daga rumfa.

Babana yana gyaran kunyar gona a kusa. Ya ɗaga ni ya duba, ya ce, "Wa yaj jehe ki, Kulu?" Bai jira amsa ba. Ya tsallaka iyaka, ya shaƙo Nomau ya maka shi cikin taɓo. Malam Sanda ya sheƙo da lauje. Ina gani da ido ɗaya babana ya sauke masa ƙotar fartanya a baki, haƙora suka zube, shi kuma ya kai sara ya tsarge hannun babana daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Suka kama kokawa cikin ruwa suna tattake shinkafar da ake faɗan dominta, ruwan ya koma ja. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, don na ɗauka maraici ya same ni.

Da ƙyar manoma suka raba su. Sarkin Noma, wani tsoho mai tafiya da sanda, bai yi wa kowa faɗa ba. Ya nuna bayanmu kawai. Gonakin biyu sun yi baƙi ƙirin da tsuntsu, ba mai jan igiya, ba mai jifa. Ya ce, "Tsuntsu bai san iyaka ba, ku na kunka san ta." Sannan ya sa aka ƙulla igiyarmu da ta su Nomau, ta zama ɗaya. Duk wanda ya ja, gonaki biyu ke ƙara, tsuntsayen su wuce can bakin gulbi. Haka muka ƙarasa kaka, ni da ƙyalle a goshi, Nomau da kumburarren wuya, ba ma magana amma muna ja wa juna. Abin da ya tsira bai kai mu damina ba. Mun ci rama da gari har mun gaji, hannun babana kuma bai sake miƙewa daidai ba.

Yanzu a wani ofis nake aiki a Birnin Kebbi. Ba a zubar da jini a nan, sai dai kowa ya tura matsala teburin na kusa da shi, ya yi murmushi, ta zaga ta dawo. Nakan shafa tabon da ke ƙarƙashin ɗankwalina in tuna tsohon nan. Mu da muka yi karatu, har yau ba mu sami mai ƙulla mana igiya ba.