Zanen da Baba Bai Manta Ba

Babanmu ya ƙare ƙarfinsa yana koyar da lantarki a makarantar sana'a. Ɗalibai suna ce masa Malam Taƙaita. Zai cika allo da zanen wayoyi a cukurkuɗe, ya yi lissafi, sai ya goge komai ya bar abu biyu kafaɗa da kafaɗa: da'ira mai kibiya da ke turo wuta, da rizisto ɗaya mai rage ƙarfin wutar a gefenta. Yakan ce, "Duk tarkacen nan, in ka tsaya a bakin wayoyi biyun da suka fito waje, wannan ne kawai."

Bayan ritaya mantuwa ta kama shi. Ta cinye sunayenmu, ta cinye har rasuwar Mama, kullum sai ya tambayi ina ta shiga.

Rannan na zana masa irin zanen a bayan kwali, na miƙa masa biro. Ya bi shi waya-waya, ya fitar da abubuwansa biyu.

Kuka ya ƙwace mini. Ya dafa kafaɗata.

"Haba yarinya, ai ba wuya. Ki ce wa babanki ya riƙa zama yana nuna miki."