Na Aika Hotunan Mutanen Garinmu Legas a Cikin Kwali

Ni mai ɗaukar hoto ne a da, a garinmu can wajen Mubi. Ban yi boko ba. Suna, biki, fasfo na jarrabawa, duk ni ake kira. Ban iya karanta abin da kwamfuta ke rubutawa ba, amma hannuna ya san inda zai danna. Ranar da 'yan ta'adda suka shigo, matata tana kasuwa da ɗanmu. Har yau ba su dawo ba. Na bar kyamara da gilashin kwamfutar, na ɗora akwatinta a kai, domin a ciki hotunan da na ɗauka suke, har da nasu. Da shi na iso Yola.

Na zauna a Damare, ina dako a kasuwar Jimeta. Akwatin ya sha ruwa a hanya, ya ƙi tashi. Wani mai gyara ya ce injin ya mutu amma ma'ajiyar hotunan lafiya lau, in nemi wata kwamfutar tebur a juye su. Mutanen garinmu suka ji, suka fara zuwa. Wata tsohuwa ta ce ba ta da hoton 'ya'yanta ko ɗaya, kuma fuskar ƙaramin ta fara ɓace mata. Na ce ta kwantar da hankali, suna nan.

Da na samu halin sayen kwamfutar, na daɗe ina aunawa. Akwai shago a Jimeta, kayansu tsofaffi ne da tsada, amma a gabana za a kunna. Akwai kamfanin intanet mai kawowa har ƙofa, sai dai duk maganarsu Turanci ce. Sai wani ɗan garinmu da ke Legas, mai sayar da kwamfutoci yana tura su a motar tasha. Mahaifinsa maƙwabcina ne a Damare. Yaron ya kira ni Kawu a waya, ya tambayi mutanena ɗaya ɗaya. Ya ce in turo masa tsohon akwatin, zai yi mini rangwame, kuma da hannunsa zai juye hotunan cikin sabuwar. Mai gyara ya ce in cire ma'ajiyar in riƙe. Na ce masa yaron ɗan gida ne. Na naɗe akwatin da bargo, na sa a kwali, na kai tasha.

Kwamfutar ta iso, mai kyau, ba algus. Muka kunna, mutane tsaye a bayana. Babu hoto ko ɗaya. Da na kira shi, ya ce ya sha'afa, ma'aikatansa sun goge ma'ajiyar sun sayar wa wani. Ya ce in yi haƙuri, zai ƙara mini lasifika kyauta.

Ban zage shi ba, ban je wurin 'yan sanda ba. Duk wanda ya zo neman hoton mamacinsa, sai in kama hannunsa in kai shi ƙofar mahaifin yaron, in kira Legas, in miƙa masa wayar. Tsohuwar nan ta yi wa yaron magana har ya kashe wayar. Daga baya ya canza lamba. Da ya zo aurensa, mutanen garinmu ba su je ba, ko ɗaurin aure. Ya zo mini da dattawa, ya durƙusa. Na ce ya faɗa mini kamannin ɗana, in ya iya na yafe. Ya kasa. Na tashi na bar su a tabarma.

Mahaifinsa ya daina zama a ƙofar gida har ya rasu. Wannan yana ci na, domin tsohon bai yi mini komai ba. Kuma hannuna ne ya ɗaure kwalin nan, na sani.

Mai son sayen kaya daga nesa, ya saya. Amma abin da ba shi da na biyu, kada ya bar hannunka, ko da mai karɓa ya kira ka Kawu. Liman ya ce mini yafiya ta fi. Na ji shi. Yaron dai ban yafe masa ba. Ni da shi sai a gaban Allah, can ba a goge komai.